Muryar Dawuda Dillali

Mesiye Gaston ya nuna wa Dawuda ɗakin karatun: kujerun roba, allo, da wani ɗan dandamali inda ma'aikatan kamfanin auduga ke koyon jawabi da Faransanci. Ya ce wanda ya shiga yanzu zai gama bayan damina.

Dawuda ya gyara rawanin da ya naɗe har wuya, duk da zafin Garuwa. "Ba... ba... bayan damina ya yi nisa," ya ce, ya fita ya tare moto, babur ɗin haya.

Duk kasuwar shanu an san Dawuda dillali da in'ina. Ciniki yake yi da yatsu a ƙarƙashin hannun riga, shi ya sa bakinsa bai taɓa hana shi sana'a ba. Da aka ji yana yawon neman mai koya masa magana, kuma ga zaɓen shugaban dillalai ya matso, sai kowa ya gama lissafinsa. Masu dariya suka yi, masu neman kujerar suka fara yi masa kallon hadarin kaji.

Ya gwada Ɗanmalam sanƙira, mai shelar ɗaurin aure. Shi kuwa darasinsa ɗaya ne: buɗe baki, ɗaga murya, a ji ka a ƙetaren kogin Binuwai. Dawuda ya ɗaga sau ɗaya, tari ya turnuƙe shi, bai sake komawa ba.

Daga nan aka kwatanta masa gidan Malam Mahamman, tsohon mai gabatar da shirin Hausa a rediyo, wanda ya ajiye aiki.

"Mutum nawa za su saurare ka?" tsohon ya tambaya.

"Ɗa... ɗaya, Baba."

Malam Mahamman ya gyaɗa kai. A ransa ya ce perefe ne, tunda sai wannan babban jami'in gwamnati ya sa hannu sabon shugaba ke zama. "To ka zo inda ya dace. Mu a rediyo ba taro muke wa magana ba. Kunne ɗaya muke wa."

Kullum bayan la'asar suna kan tabarma a zaure. Tsohon ya koya masa ya fara sakin numfashi kafin kalma, ya daina kokawa da harafin da ya maƙale, ya bar shi ya sauko da kansa. Dawuda ya nace a kan abu guda, yadda zai ja sauti mai tsawo ba tare da ya yanke ba. In an kawo shayi sai ya bari ya huce sarai, ya ɗan kurɓa.

In'inar ta fara sakinsa, amma muryar kullum ƙara dishewa take.

"Ka rage ihu a bayan shanu, ɗana."

"To, Baba."

Wata rana matarsa Iyatu ta biyo shi da kwanon fura, tana tafe tana dafe ƙugu saboda tsohon ciki. Shekaru suka yi suna nema kafin Allah ya ba su wannan. Ta tsaya a bakin zaure ta ji mijinta ya kai jimla har ƙarshe bai tsaya ba. Ta ajiye kwanon ta juya da sauri, tana share ido da gefen mayafi. Malam Mahamman ya ɗauka kukan daɗi ne.

Ranar ƙarshe Dawuda ya zo da sabon kaset, ya roƙi aron rakoda, ya kuma roƙi tsohon ya ba shi wuri. Ya daɗe a ciki shi kaɗai. Da ya fito ya ce ya ɗauki fuska biyun duka, don bai san wacce za a buƙata ba. Washegari ya hau mota zuwa Ngaundere, daga can jirgin ƙasa zuwa Yawunde.

Aka yi zaɓe ba shi, babu ma wanda ya ga sunansa.

Damina ta yi tsakiya aka aiko wa Malam Mahamman cewa Iyatu ta sauka lafiya, mace, kuma maigidan na roƙon ya zo da rakodarsa. Ya tarar da Dawuda a tsakar gida, ya rame, jaririyar na kan cinyarsa. Tsohon ya yi masa barka. Dawuda ya riƙe hannunsa ya girgiza, ya amsa da kai kawai.

Ya karɓi rakodar, ya juya kaset ɗin zuwa fuska ta biyu, wadda ya tanada in mace ce, ya kara a kunnen dama na jaririyar. Murya ta fito, disasshiya, a hankali, ta yi kiran salla har ƙarshe babu gargada, sannan ta ce, "Sunanki Mairamu. Ni ne babanki."

Dawuda ya sunkuya ya sumbaci goshinta, rawanin ya zame, sai Malam Mahamman ya ga ɗan ramin da likitocin Yawunde suka bar masa na numfashi, a inda ciwon daji ya sa suka cire maƙogwaron.