Maɓallin Farfesa Uwani Ya Cika

Shekara arba'in Farfesa Uwani ta yi tana binciken ƙwaƙwalwa kafin ta ƙera maɓallin da tsofaffi ke maƙalawa a bayan kunne, yana riƙe musu abin da suke mantawa. Yau ita ma ta bi layi a asibiti, da nata maɓallin a bayan kunne. Likita Sagir ɗalibinta ne, amma sau uku tana tambayar sunansa.

Ya ce, "Malama, naki ya cika. Sai an goge bincikenki, ko muryar marigayi maigidanki."

"Ku nawa na koyar?"

"Mun haura ɗari uku."

"To goge binciken, ɗana, ai yana wurinku. Muryar Malam kuwa ni kaɗai na rage da ita."

Sagir ya danna, ya goge binciken.