Taku Goma Sha Biyu

Saura sakan huɗu a tashi wasan ƙwallon Amurka, an fi mu maki. Mai jefa mana ta ce, "Wurin da za ki isa zan jefa, ba inda kike ba."

Na ruga taku goma sha biyu, na karya hagu. Ina ɗaga hannu ƙwallo ta faɗo ciki. Mun ci wasan. Filin wasa na birnin Monterrey ya kaure da ihu.

Kocinmu ya ce, "Ke mayya ce? Ko waiwaye babu!"

Na nuno masa Babana a cikin 'yan kallo, ana ba shi labarin wasan a kunne. Tun da ya makance yake jefa min ƙwallo a bayan gida, yana ƙirga takuna. Ranar da na kuskure taku ɗaya ƙwallon ta faɗi, cewa ya yi laifinsa ne, hannunsa ya mutu. Ban ƙara kuskurewa ba.