Ranar Hutun Yesenia

Duk ranar da Yesenia ta dawo daga makaranta da 'yar farar takarda a hannu, gaban uwarta Nubia sai ya faɗi. Nubia ta san abin da ke ciki tun kafin ta buɗe: gobe yarinya ta zauna a gida ta huta. Hutun me? Yarinya lafiyarta ƙalau, shekararta goma sha biyu. Damuwarta ɗaya ce, haruffa suna yi mata rawa a kan takarda, karatu ya ƙi zama.

Makarantar tana can saman tudun unguwar Usme. Ta gwamnati ce, amma wata ƙungiya aka ba riƙonta. Gini mai kyau, abinci kyauta, shiga kuwa sai da ƙuri'a. Ranar da sunan Yesenia ya fito, Nubia kyauta ta raba arepa, wainar masarar da take gasawa ta sayar a tashar bas, don murna.

Sharaɗin riƙon shi ne sakamako ya yi kyau, in ya lalace a ƙwace makarantar. Shi ya sa aka naɗa kwamitin sa ido, tsofaffin shugabannin makarantu su uku, mutanen da suka yi furfura da alli a hannu. Babbansu Malam Anselmo Pinzón, shekara arba'in yana aikin. Sai dai suna da wata al'ada da suke kira girmama abokin aiki: ba sa zuwa sai sun sanar. Saura mako guda Malam Anselmo zai buga waya. Nan da nan a shafe bango da fenti, a tanadi cakulan mai zafi da cuku, sannan a raba wa yara bakwai ko takwas fararen takardu. Dattawa su zo, su sha, su saurari yara masu karatu kamar rediyo, su sa hannu su tafi.

Nubia ta je wurin shugabar makarantar, Doña Amparo, ta roƙi a samo wa 'yarta mai taimaka mata da karatu maimakon a riƙa ɓoye ta. Matar ta saurare ta da murmushi, sannan ta zaro takardar cire yaro daga makaranta ta ajiye a gabanta.

"In ba mu yi miki ba, baiwar Allah, ga biro. Yara ɗari uku na jiran kujerar nan."

Nubia ta fito ba ta taɓa biron ba. Ina za ta kai yarinyar? Ɗaya makarantar sai an hau bas biyu, ta cikin unguwar da ko manya ba sa ratsawa da waya a hannu. Ta yi magana a kori yarinya, ta yi shiru yarinya ta girma ba karatu. Ta ji kamar an kulle ta a ɗaki an tafi da makulli.

Mutum ɗaya ya rage mata. Malam Anselmo shi ya koya mata karatu tana ƙarama. Ranar Lahadi ta naɗe arepa shida masu zafi ta tafi gidansa. Ya karɓe ta da fara'a, har yana tsokanarta da cewa har yanzu bai manta mugun rubutunta ba. Ta kwashe komai ta faɗa masa. Abu ɗaya ta roƙa, ya je sau ɗaya tak ba tare da ya buga waya ba.

"Haba 'yata, sai ka ce ɗan sanda? Amparo fa shekara goma tana mataimakiyata. Ni daga bakin ƙofa nake gane makarantar kirki."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, zai duba. Ya kuwa duba, irin tasa dubawar. Washegari ya kira Doña Amparo, suka gaisa, suka yi dariya, ya ce wata tsohuwar ɗalibarsa mai suna Nubia ta kawo ƙorafi. Har sunan yarinyar ya faɗa, wai don a kula da ita.

An kuwa kula da ita. Saura wata biyu jarrabawar ƙasa aka kira Nubia ofis, aka ce an yi iya ƙoƙari, yarinya ba ta dace da tsarin makarantar ba. Takardar nan dai ita ce a kan tebur, Yesenia na tsaye tana kallon ƙasa. Nubia ta sa hannu tana kuka, haushin kanta ya fi na kowa cinta, domin ita ta kai maganar.

Bayan shekara biyu, wata safiya Malam Anselmo ya tsaya a tashar bas zai sayi arepa. Budurwa ce ke juya su a kan wuta, uwarta na gefe tana murza ƙullu. Ya gane Nubia, ya tambayi 'yarta, aji nawa take yanzu. Nubia ta nuna ta da baki.

Ya ƙura wa yarinyar ido. "Ikon Allah. Sau goma sha ɗaya na je makarantar nan, ban taɓa ganinki ba."

Yesenia ta miƙa masa arepa a takarda.

"Ai Malam, ranar zuwanku ce ranar hutuna."

Dattijo ya tsaya riƙe da arepar har ta huce a hannunsa. Bas ɗinsa ta zo ta wuce bai motsa ba.

Jama'a, wanda aka ba amanar duba makaranta, yara aka ba shi, ba abokan aikinsa ba. Shekaru da gogewa ba sa ganin yaron da aka ɓoye. A je ba sanarwa, a tambayi wanda ba ya nan, a kuma rufa wa mai kawo ƙorafi asiri.