Kunnen Giwar da ke Jikin Kwabo

Ina 'yar shekara tara wani ustaz mai koyarwa a jami'a ya shigo rumfar Babana a Kasuwar Umdurman. Baba maƙerin azurfa ne, bai taɓa shiga aji ba.

Ustaz ya kwance hankici, ya fito da wani tsohon kwabon azurfa mai hoton giwa, yana so a yi masa marataya. Ya ce na sarakunan Yunanawa ne, masu kama giwaye a nan Sudan su kai su fagen yaƙi.

"Giwarmu ce wannan, ya Hajj. Riƙe a hankali, ba irin kayan da kuka saba taɓawa ba ne."

Baba ya goge kwabon da babban yatsa, ya karkata shi wajen haske.

"Ustaz, wannan ba tamu ba ce. Da ƙafa na zo ƙasar nan, na ga giwaye a Chadi. Kunnensu kamar faifai, bayansu a lotse. Wannan kuwa kunnenta ƙarami, ga doro."

Ustaz ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Wallahi ta Indiya ce," in ji shi.

Sai ya jawo kujera ya zauna, ya tambayi sunan Baba, ya rubuta a littafinsa. Baba ya juyo gare ni.

"Zo ki duba mini ko ya rubuta daidai."

Na karanta da ƙarfi, har maƙeran da ke maƙwabtaka suka ɗago kai. Na karanta littattafai da yawa tun daga ranar, amma ban sake karanta abin da ya kai wannan daɗi a bakina ba.