Jirgin da Ya Tsira

Jiragen wasa biyu, na Murray da na Desmond, suka yi karo a saman gaɓar teku, ɗaya ya tarwatse kan duwatsu. Dukansu rawaya ne marasa inji, iska ke ɗaukarsu, rimot ke juya su. A ƙa'idar ƙungiyarmu ta masu tuƙa jiragen wasa, wanda ya sauke nasa lafiya bayan karo shi ke da kofin shekara.

Murray, dattijo mai jikoki, bai tsaya duba na wa ya faɗi ba, ya yi kan Desmond.

"Ka kashe min jirgi, tsohon banza."

"Haba Murray, nishaɗi muka zo yi. Ga nama can yana ƙonewa."

Murray ya ɗaga rimot ɗinsa ya rotsa masa a goshi. Rimot ya dagargaje, jini ya wanke fuskar Desmond. Muka shiga rabon faɗa da hannu ɗaya, don kada giyar da ke ɗaya hannun ta zube.

Desmond ya share ido, ya dubi sama, ya yi murmushi.

"Nawa ne a kan duwatsu, abokina. Sauke naka ka karɓi kofi."

Muka juya. Jirgin Murray, lafiyarsa ƙalau, ya miƙe bisa teku ya nufi tsibirin Tasmaniya, ba rimot ɗin da zai kira shi ya dawo.