Huda ta Biyu

"Huda biyu, ta lalace," in ji shugaban rumfar zaɓe, yana ɗaga ƙuri'ar a hasken rana. Ƙuri'a ta tara ke nan a jere da ya soke. A ƙauyen nan na tsibirin Jawa da ƙusa ake huda hoton wanda ake so, kuma tsohuwar telar da aka turo sa ido ta san aikin ƙusa. Huda ta biyun ƙarama ce, irin ta allura.

Tsohuwa ta gyara katin sa ido da ke wuyanta. Shugaban ya harare ta.

"Iya, kin dai san dokarku: ba taɓawa, ba sa baki. Ko tari kika yi sai na sa an fitar da ke."

"Na sani, ɗana. Kallo aka aiko ni, kallo zan yi."

Ta ja kujerarta kusa, ta kafe ƙaton zoben hannunsa da ido, ba ƙiftawa. Wata mai soya ayaba da ke gefe ta bi idonta. Wakilan jam'iyyu suka bi, manoman shinkafa suka bi. Kafin ya buɗe wata ƙuri'ar, duk rumfar zoben take kallo, da wani ɗan tsini kamar allura da ke ƙarƙashinsa.

"Zafin nan ya kumbura min yatsa," ya ce, ya zare shi ya jefa aljihu.

Ya ɗaga ƙuri'a ta gaba. Rana ta ratso ta huda ɗaya tak.

Tsohuwa ta rubuta ƙuri'u taran nan a rahotonta.

"Allah ya ba yatsan lafiya, ɗana. Ci gaba."