Kwalbar Gwaji

"An samu ƙwaya a fitsarinka," in ji likitan gasar, ko ɗago kai bai yi ba. "Babu kai babu kambu."

Ɗan damben ya yi tsaye sororo. Shekara da shekaru Sarkin Dambe ke duba shi, ya leƙa ido, ya shinshina baki, ya kwance zaren hannu, bai taɓa kama shi da komai ba. Bana ne aka zo garin Gwarzo da kwalaben gwajin fitsari.

Ɗan damben kuwa ya taso ya ji ba a ba baƙo fitsari, da shi ake karya mutum. Ranar gasar, yayansa ne ya karɓi kwalbar a bayan rumfa.

"Kawo in cika maka. Ni wa zai ɓata lokacinsa ya yi mini asiri?"

Ɗan damben ya koma ƙauyensu Masanawa ya tarar da yayan a gona, yana nome rabonsu su biyu kamar kowace damina, don ƙaninsa ya samu zuwa atisaye. Idanun yayan jajur. Ga fankon tiramol yashe a kan kunya.

"Ɗan'uwa, sun ba mu kambun?" ya tambaya da murmushi, bai saki fartanya ba.